Ruwan Tafadek da Lambunan Timiya: Baƙon da Aka Ƙirga da Wanda Aka Manta

Wanda ya bar Agadas bayan sallar asuba, ya fuskanci arewa maso gabas, ya wuce lambunan Dabaga inda ido ke samun ɗan kore ya huta, ya bi ta Elmeki wadda aka daɗe ana haƙar kuza a duwatsunta, sa'an nan ya kutsa cikin baƙaƙen tsaunukan Abzin waɗanda rana ta gasa har suka koma kamar gawayin maƙera, to lalle kafin la'asar zai fara tuhumar waɗanda suka ba shi labarin Timiya da ƙarin gishiri. Tafiyar kilomita wajen 220 ce a lissafin masu auna ƙasa, amma a lissafin ƙugu da gadon baya yini ce sur, domin hanyar ba ta san kwalta ba, wani wuri tsakuwa, wani wuri rairayin ƙorama mai riƙe ƙafar mota, wani wuri kuma hawa ne wanda direba kansa sai ya yi salati kafin ya tunkare shi. Ana cikin wannan hali, mutum ya fid da rai ga ganin wani abu in ban da dutse, sai kwari ya buɗe, kawunan dabino su bayyana jere da juna a gefen ƙorama, iska mai sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta bugi fuska, har wanda bai saba da ambaton Allah ba ya ji tasbihi ya kuɓuce daga bakinsa.

Mutanen wannan dausayi Abzinawa ne na ƙabilar Kel Ewe, kuma tun kaka da kakanni rayuwarsu a kan duwatsun murhu uku take girke: awakin da mata ke kiwo a kan tsaunuka, raƙuman da maza ke fatauci da su, da lambunan da ake ba ruwa da guga. Na yi hantsi guda a ɗaya daga cikin lambunan nan, wurin wani dattijo da na iske yana ban ruwa. Rijiyarsa tana da tsayayyun itatuwa da gargare a bisa, an ɗaura igiyar guga ga raƙumi, jikansa na jan akala gaba da baya a kan wata 'yar turba da ƙafar dabba ta riga ta fafe. In raƙumin ya yi nisa sai gugan fata ya fito ya amayar da ruwansa cikin kwamin itace, ruwan ya bi 'yan magudanai, dattijon kuwa na tsaye da fartanya yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan da 'yar ƙasa kaɗan, ba gaggawa, ba ɓarnar ko ɗigo. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya amsa da Hausa tatacciya irin ta ƙauyukan Kano, abin da ya ba ni mamaki a lokacin, ko da yake daga baya na gane dalili. A cikin wannan ɗan fili, wanda bai kai girman wani gidan attajiri na birni ba, akwai lemo iri-iri, da rumman, da inabi, da ɓaure, a ƙarƙashinsu kuma alkama da albasa da tafarnuwa. Maƙwabtansa da yawa sun koma ga injin ban ruwa mai shan fetur. Shi dai ya ce raƙumi ba ya jiran a kawo masa mai daga Agadas.

Kilomita kaɗan daga gari akwai wurin da ruwa ke zubowa daga saman baƙin dutse, irin dutsen da aman wutar ƙasa ya bari a zamanin da, ya taru a wani gurbi mai zurfi wanda sanyinsa ke ratsa ƙashi. Bayan damina zubarsa da ƙarfi take, in rani ya yi nisa kuwa sai ta sirance, amma gurbin yakan riƙe ruwansa. A kan tudun da ke kallon garin kuma ga ganuwar soja da Faransawa suka gina a farkon shekarun 1950, wadda ake kira da sunan hafsansu Massu, wadda daga baya aka gyara ta da taimakon wata ƙungiyar Faransawa masu ƙaunar Timiya, ta zama wurin da baƙi ke hawa su kalli faɗuwar rana. Waɗannan abubuwa biyu, haɗe da kufan tsohon birnin Asode da ke arewa, su ne aka riƙa bugawa a takardun tallan yawon buɗe ido na Turai, har sunan Timiya ya fi sanuwa a Faris da Jamus bisa ga yadda ya sanu a Katsina ko Sakkwato.

Labarin wannan kasuwa ta Turawa gajere ne, kuma ya cancanci a ba da shi da adalci, gama ta ciyar da mutane masu yawa. A shekarun 1980, sa'ad da tseren motocin Faris zuwa Dakar ke ratsa Agadas da hamadar Tenere, wani ɗan Abzin mai suna Mano Dayak ya bunƙasa kamfanin jigilar baƙi, Temet Voyages, wasu kuma suka bi sahunsa, har ya zamana duk sanyin shekara, daga Oktoba zuwa Maris, garin Agadas cike yake da masu jajayen kunnuwa. Direba ya samu, kuku ya samu, ɗan jagora ya samu, maƙerin azurfa da mai ɗinkin fata sun samu, har mai lambu a Timiya ya sayar da lemonsa a gindin itace ba tare da ya biya kuɗin mota ba. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya yankin Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya; shekara guda kacal bayan haka ta mai da shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, saboda tawayen Abzinawa ya riga ya ɓarke. Aka yi sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar wannan shekara, aka ƙona makamai a Agadas a Satumbar 2000, jiragen haya suka dinga sauka kai tsaye daga Faransa a filin jirgin da aka sa wa sunan Mano Dayak, kasuwa ta sake ci. Sai ga Fabrairun 2007, aka kai hari Iferwan, fitina ta biyu ta tashi, aka binne nakiyoyi a hanyoyin tsaunuka, baƙi suka ɗauke ƙafa kamar an yi ruwa an ɗauke. Kafin a farfaɗo, a Satumbar 2010 aka sace mutum bakwai masu alaƙa da kamfanonin Faransa a Arlit. A Mayun 2013, shekarar da tsohon birnin Agadas da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27 suka shiga kundin UNESCO, aka kai hare-haren ƙunar baƙin wake a Agadas da Arlit. A farkon 2025 kuma aka sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas. Da yawa daga cikin direbobin da suka san hamada kamar tafin hannunsu suka koma jigilar masu tafiya Libiya, har dokar 2015 ta haramta wannan sana'a, wasu suka nufi haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten tun daga 2014.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne, duk tsawon waɗannan shekaru na hawa da sauka, akwai wani baƙo na dabam wanda bai taɓa yanke ƙafa daga Abzin ba sai in hanya ta toshe ƙwarai, kuma da wuya ka ji an ambace shi a wuraren da ake tattauna arzikin ƙasa. Shi ne majinyaci mai neman waraka. A arewa da Agadas, tafiyar 'yan sa'o'i, akwai wani wuri da ake kira Tafadek, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa dare da rana, ba wuta ba itace, da ikon Wanda ya halicce shi. An kewaye maɓuɓɓugar da 'yan ɗakunan wanka, an raba tsakanin maza da mata, kuma mutane na zuwa daga Agadas da Arlit da Tawa da Damagaram, har daga ƙetaren iyaka, galibinsu masu fama da sanyin ƙashi da ciwon gaɓoɓi da ciwon baya da cututtukan fata. Ba sa zuwa don yini ɗaya. Mutum yakan zo da tabarmarsa da buhun gerinsa da ɗan rakiya, ya kafa zango na kwanaki, ya shiga ruwa da safe ya shiga da yamma. Na ga wani tsoho da 'ya'yansa biyu suka tallabo, ya zauna a bakin kwamin ya fara sa ƙafa ɗaya yana janyewa saboda zafi, sannu a hankali har ruwa ya kai masa ƙirji, ya rufe ido, gumi na tsiyaya daga goshinsa. Da ya fito aka lulluɓe shi da bargo kamar jariri, aka miƙa masa shayi, ya kwanta a inuwa ya yi barcin da ɗansa ya ce ya yi watanni bai yi irinsa ba. A kewayensu kuwa ga mai sayar da itace, ga mai awaki, ga mai shayi da sukari, ga mai mota da ke jiran ta cika. Wannan duka ciniki ne, kuɗi ne ke fita daga aljihu yana shiga aljihu, sai dai jika-jika ne da dala-dala, ba kuɗin Turai ba, shi ya sa idon masu lissafi ke tsallake shi.

Asirin zafin ruwan ba ɓoyayye ba ne ga masana ilmin ƙasa. Ruwan sama ne yake tsiyaya ta tsagogin duwatsu har ya yi zurfi, cikin ƙasa kuwa zafinsa ƙaruwa yake da misalin digiri 3 a kowace mita 100, sa'an nan in ruwan ya sami wata tsaga da ke miƙewa sama sai ya taso da sauri tun bai huce ba, ɗauke da abin da ya narkar na ma'adinai a kan hanyarsa. Magabata ma sun lura da cewa ruwa yana ɗaukar ɗabi'ar ƙasar da ya ratsa: Ibn Baɗɗuɗa, da ya sauka a Takadda ta yammacin Abzin a 1353, ya ambaci cewa ruwan garin yana bi ta kan ma'adinin tagulla har launinsa da ɗanɗanonsa su sauya, Ibn Sina kuma a cikin littafinsa na ɗibbu, Alƙanun, ya yi bayani a kan wanka da kan ruwayen da ke ɗauke da kibritu da gishiri da makamantansu. Likitocin zamani sun yarda cewa zama cikin ruwan ɗumi yana sassauta jijiyoyi, yana rage raɗaɗin gaɓoɓi, yana sauƙaƙa motsi ga wanda nauyin jikinsa ya zame masa azaba; ba su yarda cewa yana warkar da ciwon sukari ko ciwon daji ba, kuma suna gargaɗin mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mace mai ciki game da ruwa mai tsananin zafi. Malamanmu na fiƙihu kuwa tuni suka warware mas'alar: neman magani riƙo ne da sababi, bai saɓa wa tawakkali ba, muddin bawa ya ƙudurce cewa ruwa ba ya warkarwa da zatinsa.

Ba mutane kaɗai ke zuwa jinya a jihar Agadas ba. Kowace shekara a ƙarshen damina, wajen watan Satumba, makiyaya Abzinawa da Fulani Wodaɓe na koro garkunansu daga kudu zuwa filayen Ingal, kilomita wajen 160 yamma da Agadas, domin dabbobi su ci ciyawa su sha ruwan da ke da gishiri, su murmure daga wahalar rani. Faransawa, da suka ga wannan al'ada, ba su sami sunan da ya fi dacewa da ita ba sai kalmar da suke kiran jinyar da su kansu ke zuwa yi a garuruwan ruwan ɗumi na ƙasarsu, sunan kuwa ya bi bikin har yau. Gwamnati ta rungumi wannan taro na lasar gishiri, ministoci na halarta, ana yi wa dabbobi da yara allurar rigakafi. Ashe dai hukuma ta san darajar jinyar saniya. Ta mai saniyar ce ba a gama yi wa tanadi ba.

In muka leƙa wasu ƙasashe, za mu tarar cewa ginshiƙin wannan sana'a a kusan ko'ina ɗan ƙasa ne. A Faransa, tun 1947 asusun inshorar lafiya na gwamnati ke biyan wani kaso na jinyar ruwan ɗumi in likita ya rubuta, jinyar kuwa kwana 18 ce a cikin mako uku, kuma mutanen da ke yin ta a shekara sun kai kimanin rabin miliyan. Mai masauki da mai gidan abinci da mai kantin magani a waɗannan ƙananan garuruwa duk a kan majinyacin gida suka dogara, wanda ba ya fasa zuwa don ya ji wani labari a rediyo. Wani abin dariya, ko abin takaici, shi ne cewa a zamanin mulkin mallaka jami'an Faransa da suka yi aiki a ƙasashenmu, in zazzaɓi ya cinye su hanta ta kumbura, garin Vichy ake tura su su sha ruwa su yi wanka, wato dai cutar a nan aka ɗauke ta, kuɗin maganinta kuwa can aka kashe. A 2021 UNESCO ta sanya garuruwan wanka goma sha ɗaya na Turai cikin kayan gadon duniya, har da Vichy ɗin da Bath ta Ingila da Baden-Baden ta Jamus. Ƙasashen Musulmi ma ba a bar su a baya ba. A Maroko akwai Maulaya Yakubu kusa da Fas, mai ruwan kibritu, inda aka bar wa talakawa tsofaffin wuraren wankansu masu araha, aka kuma gina na zamani mai likitoci ga masu hali, ruwa ɗaya farashi biyu. Aljeriya na da hammamai da dama da 'yan ƙasa ke cika su. Tunisiya ta haɗa jinyar ruwan teku ga Turawa da asibitocin kuɗi da Libiyawa da mutanen Afirka ta Yamma ke tururuwa zuwa gare su. Jodan na cin moriyar Tekun Gishiri wanda ke ƙasa da doron teku da fiye da mita 400. Kusa da mu kuma ga Wikki a gandun dajin Yankari na jihar Bauci, ruwa garai-garai mai ɗumin digiri 31 rani da damina, wanda mafi yawan masu shiga cikinsa 'yan Nijeriya ne, ɗalibai da iyalai da ma'aikata masu hutu.

Nijar ta daɗe tana kallon jihar Agadas ta fuskar abin da ke ƙarƙashin ƙasa: yuraniyom da aka fara haƙa a Arlit a 1971, wanda albarkacinsa aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, gawayin Anu Araren, zinariyar da ta zo daga baya. Ma'adini kuwa, kome yawansa, ranar ƙarewarsa na nan tafe, kamar yadda mutanen Akokan suka gani da idonsu sa'ad da kamfanin yuraniyom na Cominak ya rufe a ƙarshen Maris 2021, bayan fiye da shekara arba'in yana aiki. Maɓuɓɓuga da lambu ba haka suke ba in an kiyaye haƙƙinsu. A ɗaya gefen kuma, duk wanda ya san gidajen manyan ma'aikata da attajiran Yamai da Maraɗi da Kano ya san irin dukiyar da ke fita kowace shekara zuwa Tunis da Alƙahira da Istambul da Indiya da sunan neman lafiya. Ba na da'awar cewa ruwan Tafadek zai maye gurbin tiyatar zuciya, hauka ke nan. Amma wani kaso na waɗannan tafiye-tafiye hutu ne aka sa masa rigar jinya, wani kason kuma murmurewa ce bayan an gama magani, wato abinci mai kyau da iska mai tsabta da tattaki da barci da nisantar hayaniya, waɗanda duk Allah ya ajiye su a tsaunukan Abzin kyauta.

A nan ne Timiya ke da abin da Tafadek ba ta da shi, kuma a nan ne Hausar dattijon nan mai lambu ta zama hujja. Shekaru aru-aru, da kaka ta yi, ayarin Kel Ewe kan tashi ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar wata guda ko fiye zuwa da komowa, ya ɗauko kantun gishiri da dabino, ya ɗan huta a gida, sa'an nan ya gangara kudu ta Damargu har ƙasar Kano, inda maza kan yi watanni suna kiwon raƙumansu a gonakin da aka girbe, suna sayar da gishiri suna sayen gero da tufafi, ba sa komawa sai damina ta gabato. Kowane madugu yana da mai masaukinsa a ƙasar Hausa, amana ta gado daga uba zuwa ɗa. A birnin Kano har yau akwai unguwar Agadasawa. Gobirawa na riwayar cewa daga Abzin kakanninsu suka gangaro. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda sunansa ke haɗe da Agadas. Saboda haka Bahaushen da ya je Timiya ba ya bukatar tafinta, ba ya bukatar a dafa masa abinci na dabam, ba ya neman giya, kiran salla ɗaya ke tashinsa da mai gidansa, kuma ba wanda zai yi sha'awar sace shi don a karɓi fansa daga wata gwamnatin Turai. A watannin sanyi lemo ya nuna. A watannin bazara kuwa, lokacin da Sakkwato da Maraɗi ke tafasa, daren tsaunuka yakan yi sauƙi har mutum ya nemi mayafi. Mutanen da suka yi ƙarni da ƙarni suna sauka a zaurukanmu, ina laifin mu ma mu sauka a nasu, mu biya?

Sai dai wajibi ne mai ba da shawara ya faɗi ɗacinta tare da zaƙinta. Ruwan Timiya ƙididdigagge ne: abin da ƙorama ta kawo a 'yan kwanakin damina shi ne ke cika rijiyoyi, shekarar da sama ta yi rowa kuwa rijiya na ja da baya, kuma injinan ban ruwa sun riga sun ƙara wa ƙasa nauyi. Baƙon birni, wanda ya saba sakin famfo yana goge baki, zai iya ɓarnatar a yini ɗaya da abin da zai shayar da fangali da yawa. Duk wanda ya zo da zancen gina katafaren otal mai kwamin ninƙaya a wannan kwari, a binciki niyyarsa ko hankalinsa. Abin da ya dace da wurin ƙananan masaukai ne na mutanen gari, na laka da dutse kamar gidajensu, mai tsabtataccen makewayi, da ɓangaren mata na dabam mai mata masu hidima, domin da yawa daga cikin majinyata mata ne kuma ba za su je inda ba a kiyaye sitirarsu ba. Ita kuma Tafadek, bukatarta ta farko a riƙa auna ruwanta a ɗakin bincike lokaci lokaci a kafe sakamakon a bango kowa ya gani, a riƙa sauya ruwan kwami tsakanin masu wanka don kada mai neman rabuwa da ƙaiƙayi ya tafi da na wani, a kuma zaunar da ma'aikacin lafiya mai na'urar awon jini wanda ke da ikon ce wa Alhaji, kome girman rawaninsa, kada ya shiga. In ba a yi haka ba, 'yan tsibbu da masu maganin kowace cuta za su riga likita kafa rumfa, rana ɗaya kuma a fito da gawa daga ruwa sunan wurin ya ɓaci. Sauran magana ta hukuma ce: tsaro a kan hanya, wanda ɗan ƙasa ma yana bukatarsa ko da ba shi ne abin farautar masu garkuwa ba, gama 'yan fashi ba sa tambayar fasfo, da iyakar Nijeriya a buɗe, domin rufewar da aka yi mata daga juyin mulkin Yulin 2023 zuwa Maris 2024 ta nuna yadda siyasar manya ke yanke zumuncin talakawa, da kuma hanya, hanya, hanya.

Zancen hanyar nan shi ne ya raka ni har gida. Ranar da zan bar Timiya, motar da na samu babba ce ta ɗaukar kaya, an cika ta da buhunan lemo da rumman za a kai kasuwar Agadas, fasinja kuwa a bisa kayan muke zaune, kowa ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura. Muna shirin tashi sai aka kawo wata tsohuwa a kan tabarma, ma'aikacin ɗakin shan magani na garin ya duba ta ya ce abin ya fi ƙarfin kayan aikinsa, sai babban asibiti. Aka gyara mata wuri tsakanin buhuna, 'yarta ta zauna ta ɗora kanta a cinya, ta kare mata rana da gefen zane. Duk inda mota ta faɗa rami sai tsohuwar ta yi nishi, 'yar ta ce, "Sannu, Inna," yaron mota ya buga ƙarfe direba ya rage gudu. Da muka tsaya salla a wata ƙorama, wani daga cikin masu lemon ya kwance bakin buhunsa, ya zaɓo guda biyu masu kyau, ya ɓare ya miƙa wa 'yar, ta riƙa matsa mata ruwan a baki kaɗan kaɗan. Fitilun Agadas ba su bayyana gare mu ba sai bayan isha'i.